Fim ɗin da muka san ƙarshensa tun daga farko

  



Na gode da aka ba ni wannan dama a ranar da ƙungiyarmu ke bukin tunawa da kafuwarta. Ƙaramin batu na ɗauko, har wani zai ce bai kai a kawo shi gaban malamai ba: fina-finan soyayya na Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda muka saba cewa a nan, waɗanda ake shiryawa musamman don tele. Dalilina shi ne, daga ƙarshen watan Oktoba har shigowar Janairu, tashoshin Faransa irin su TF1 da M6 suna saka su kusan kowace rana bayan labaran tsakar rana, kuma duk gidan da ke biyan abonma ya san su. Ƙannenmu na kallo, yayyenmu na kallo, mu ɗalibai ma idan aka ba da hutun ƙarshen Disamba muna kallo, wani a tele, wani a waya. To baƙon da ke shigowa ɗaki ya zauna awa biyu kowace rana, ai ya kamata a tambaye shi daga ina yake, kuma me ya zo da shi.

Batun hukunci na malamai ne, ga su nan zaune. Ni abin da zan kawo shi ne bayanin fim ɗin kansa: wa ke yin sa, yaya ake yin sa, me ya sa yake da daɗin kallo, kuma me yake barin wa mai kallo bayan an kashe tele.

Labari ɗaya, riguna da yawa

Bari in ba ku labarin, kuma ku shaida ko na yi kuskure. Wata budurwa ce mai babban aiki a babban birni, New York ko Chicago. Kullum waya a kunne, ba ta da lokacin kowa. Tana da saurayi ɗan ofis mai kwat, wanda ya fi kula da taron aiki a kanta. Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti sai wani dalili ya mayar da ita ƙaramin garin da aka haife ta. Ko kakarta ta rasu ta bar mata gidan saukar baƙi, ko kamfaninta ya aike ta ta saye wani tsohon shago a rushe, ko dai dusar ƙanƙara ta tare hanya. Tana isa sai ta yi karo da wani namiji, sau da yawa karo na gaske, har kofi ya zube mata a riga. Shi kafinta ne, ko mai gasa burodi, ko mai gonar itatuwan Kirsimeti. Matarsa ta rasu ta bar mishi ɗiya ƙarama mai wayo, ko kuwa shi ne saurayinta na lokacin lise.

Da farko ba sa ga-maciji. Sai garin ya shiga wata ƴar matsala, bukin shekara zai ruguje ko za a rufe shagon, dole su biyu su haɗa kai. Ana gasa biskit, ana ƙawata itace da fitilu, ana shan cakulan mai zafi. Sun kusa sumbatar juna, sai waya ta yi ƙara ko yarinyar ta shigo da gudu. Ana saura minti 20 fim ya ƙare sai rashin fahimta ya shiga: ta ji rabin magana, ta tattara kayanta za ta koma birni. Wata gwaggo ko wani dattijo mai farin gemu ya yi mata nasiha. Ta juyo. Ƙanƙara ta fara sauka, suka yi sumba ɗaya, sunayen ƴan wasa suka fara hawa.

Wani lokaci a canza kafinta da yarima na wata ƙasar Turai da babu ita a taswira. Wani lokaci namijin ne ya zo daga birni. Amma ƙashin labarin ɗaya ne, kuma masu yin fim ɗin ba su taɓa ɓoye haka ba.

Daga katin gaisuwa zuwa tele

Gidan da ya fi kowa suna a wannan sana'a shi ne Hallmark, a Amurka. Asalinsa ba gidan fim ba ne. A shekarar 1910 wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Joyce Clyde Hall ya sauka birnin Kansas da katuna cike da kwalayen takalma biyu, ya fara sayarwa. Daga nan kamfanin ya girma ya zama uba a harkar katin gaisuwa, da takardar naɗe kyauta, sannan daga 1973 ya shiga sayar da ƙananan kayan ado da ake ratayawa a itacen Kirsimeti. Tun 1951 yake ɗaukar nauyin shirye-shiryen tele. A 2001 aka buɗe tashar da ke ɗauke da sunansa, Hallmark Channel, a 2009 kuma tashar ta fara shirinta na ƙirga kwanaki zuwa Kirsimeti, inda tun ƙarshen Oktoba ake jera waɗannan fina-finai dare da rana. A wasu shekarun baya sababbin da gidan ya fitar a kaka ɗaya sun kai wajen 40.

Ku riƙe wannan, ƴan'uwa: kamfanin da ke sayar da kati da kayan ado shi ne ke yin fim ɗin da kowane ɗaki a cikinsa ya cika da kati da kayan ado. Ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Amma mai kallo ya kamata ya san cewa a kasuwa yake zaune.

Yaya ake yin fim 40 a shekara? Da sauri da arha. Fim ɗaya yakan ɗauki kwana 15 na ɗauka, da kuɗi wajen dala miliyan 2. A wurinmu kuɗi ne mai yawa, ya haura miliyar ɗaya na sefa, amma a ma'aunin Hollywood, inda babban fim ke cin dala miliyan 100 ko 200, ba a bakin komai yake ba. Da yawansu ma ba a Amurka ake ɗaukar su ba. A Kanada ake yi, musamman ƙananan garuruwan da ke kewaye da birnin Vancouver, saboda rangwamen haraji da gwamnatin can ke ba masu fim, da kuma sauƙin dalar Kanada. Shi ya sa mai lura zai ga titi ɗaya da shago ɗaya sun fito a fim uku da sunaye uku.

Abin dariyar shi ne, don fim ya kasance a shirye kafin Oktoba, da yawa a lokacin zafinsu ake ɗauka, watannin Yuni, Yuli da Agusta. Ƙanƙarar da kuke gani, niƙaƙƙen ƙanƙarar inji ce, da kumfa, da garin takarda, da fararen mayafai da aka shimfiɗa a kan ciyawa. Jarumar da ke rawar ɗari cikin babbar riga da rawanin wuya, gumi take yi.

Shi kansa labarin, tallace-tallace ne suka yanka mishi riga. Fim ɗin bai cika minti 90 ba, amma ana ba shi gurbin awa biyu, sauran na talla ne. Don haka marubutan sukan raba labarin gida tara, kowane gida ya ƙare da ɗan abin da zai hana ka canza tasha. Sumbar nan da ake katsewa a tsakiya, da rashin fahimtar nan na kusa da ƙarshe, duk aikinsu ke nan. Fuskokin ma ba a cika canzawa ba. Lacey Chabert ita kaɗai ta fito a fina-finan Hallmark sama da 30. Candace Cameron Bure ta daɗe tana cikin manyan taurarin gidan kafin ta koma wata tashar da ke gasa da shi, Great American Family, a 2022.

Da aka ga kasuwa ta buɗe sai kowa ya shigo. Tashar Lifetime na da nata jerin. Netflix ya fitar da A Christmas Prince, wato Yariman Kirsimeti, a 2017, wanda aka ɗauka a wata tsohuwar fadar sarauta a Romaniya aka ce wata masarauta ce mai suna Aldovia. Tashoshin Faransa kuma suna sayen waɗannan fina-finai da yawa, su ɗora musu muryoyin Faransanci, su ba su sababbin sunaye. Ta wannan hanya ce labarin da aka rubuta don matan Amurka, aka ɗauka a Kanada cikin zafi, aka fassara a Faransa, yake isowa falonmu a Maraɗi ko Damagaram cikin hunturu.

Me ya sa muke kallon abin da muka sani?

Wani zai ce wauta ce mutum ya zauna kallon abin da ya san ƙarshensa. Ni ban yarda ba. Ku tuna lokacin da kaka ke cewa ga ta nan ga ta nanku. Akwai wanda bai san cewa Gizo zai yi wayo, wayon kuma ya koma kansa ba? Duk da haka gobe ma ita muke roƙo, kuma in kaka ta canza wani wuri mu gyara mata. Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya yi nazarin tatsuniyoyin ƙasarsu ya fitar da littafi a 1928, inda ya nuna cewa duk yawansu a kan matakai 31 suke tafiya, kuma a jere ɗaya. Ɗan Adam ya daɗe yana son labarin da ya san hanyarsa.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. A 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara son sa, ko da fuska ce ko kalmar da bai san ma'anarta ba. A 2011 wasu masu bincike biyu a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai su karanta, wasu an faɗa musu ƙarshen tun farko, wasu ba a faɗa musu ba. Waɗanda suka san ƙarshen sun fi jin daɗin karatun. Idan zuciya ba ta cikin fargabar abin da zai faru, sai ta saki jiki.

Wannan sakin jikin shi ne hajar da ake sayarwa. Hujja kuwa, a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutanen Amurka a gida, tashar Hallmark ta ɗauko fina-finan Kirsimeti ta jera su kwana uku, alhali Kirsimeti saura wata tara. Ta san abin da mutumin da ke cikin tsoro yake nema. A Disamba 2017 kuma Netflix da kansa ya sanar, cikin zolaya, cewa akwai mutum 53 da suka kalli Yariman Kirsimeti kowace rana har kwana 18 a jere. Mutane sun yi dariya, wasu kuma sun ji haushi, don sun gane cewa ashe kamfanin na ƙirga duk abin da suke kallo.

Kuma a yi adalci. In ka jera waɗannan fina-finai da sauran abin da ke yawo a tele da waya, za ka ga galibinsu ba jini, ba bindiga, ba ashar, ba tsiraici. Mutane na gaisawa, yara na girmama manya, mugun cikin labarin ma muguntarsa ba ta wuce son kuɗi ba. Wadda ta yini tsakanin aji da aikin gida, ta zauna ta huta da abin da ba zai tayar mata da hankali ba, ni ba zan yi mata dariya ba. Sai dai abu mai laushi shi ya fi shiga ba a ji ba, don mutum ba ya ɗaura mishi ɗamara.

Wace Kirsimeti ce a ciki?

Ku lura, a yawancin waɗannan fina-finai za a yi awa biyu ana faɗin Kirsimeti ba a ambaci Annabi Isa, alaihis salam, ko sau ɗaya ba. Majami'a in ta fito, sau da yawa ado ce a bayan hoto. Abin da suke kira ruhin Kirsimeti shi ne iyali su taru, a yi kyauta, a yafe wa juna, a kunna fitilu. An yi haka da gangan, don fim ya sayu ga mai addini da marar addini.

Wannan Kirsimeti ta iyali da kyauta tana da tarihinta, kuma ba mai nisa ba ne. A 1843 marubucin Ingila Charles Dickens ya fitar da labarin wani attajiri marowaci, Scrooge, wanda bai san komai ba sai aiki da kuɗi, har zuciyarsa ta yi laushi a daren Kirsimeti. Budurwar nan mai waya a kunne jikarsa ce. Itacen da ake ƙawatawa al'adar Jamus ce, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da ƴaƴansu kewaye da shi a 1848. Dattijon nan mai jar riga da farin gemu, wanda muka sani da Per Nowel, tallace-tallacen Coca-Cola da aka fara a 1931 sun taimaka ƙwarai wajen kafa siffar da duniya ta san shi da ita yau. Ƙaramin garin da kowa ya san kowa kuma, fim ɗin Frank Capra na 1946, It's a Wonderful Life, shi ya zama abin koyi.

Me ya sa na kawo wannan? Don kada ɗayanmu ya kalli fim ya ɗauka ya san addinin maƙwabcinsa. Muna da maƙwabta Kirista a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, muna aji ɗaya da ƴaƴansu, kuma 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasarmu. Su a wannan rana majami'a suke zuwa su yi ibadarsu, ba ƙanƙara ba kafinta. Mu kuma labarin haihuwar Annabi Isa muna da shi a Alƙur'ani, a sura ta 19 da ke ɗauke da sunan mahaifiyarsa Maryam. Bambancin aƙida da ke tsakaninmu sananne ne, kowa ya san nasa. Fim ɗin nan ba ya koyar da namu, ba ya koyar da nasu.

Abin da fim ɗin ke kewa

Yanzu ku tambayi kanku: me ya sa kullum daga birni ake gudu zuwa ƙaramin gari? Me ya sa mutanen da suka fi kowa manyan birane da manyan kamfanoni suke biyan kuɗi don su ga garin da mai burodi ya san sunan kowa?

Don abin ya yi musu ƙaranci. A shekara ta 2000 wani farfesa na jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya fitar da littafi mai suna Bowling Alone, inda ya nuna da alƙaluma yadda Amurkawa suka rage shiga ƙungiyoyi, suka rage ziyartar juna, suka rage sanin maƙwabta, idan aka kwatanta da iyayensu. A watan Mayu na 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a hukumance a kan kaɗaici, ya ce kusan rabin manyan ƙasar sun bayyana cewa suna fama da shi. Mai ƙishirwa ne ke mafarkin rijiya. Fim ɗin Kirsimeti mafarkin zumunci ne na mutanen da zumunci ke kuɓuce musu.

To mu fa? Abin da aka kashe dala miliyan 2 aka gina da katako da kumfa, mu muna fita ƙofar gida mu same shi. Maƙwabciya na aiko da tuwo. In an yi haihuwa unguwa ta cika, in an yi rasuwa ba a barin mutum shi kaɗai. A fada ana dafa shayi har zagaye na uku. Ban ce ba mu da namu matsalolin ba, talauci na nan, gulma na nan, kuma zumuncin kansa yana da nauyi. Amma abin mamaki ne matashi ya rufe ƙofa, ya toshe kunne da waya, ya zauna yana sha'awar yadda Turawa ke taimakon maƙwabcinsu a garin da babu shi, alhali kawunsa na kwance ba lafiya a bayan gidansu kwana uku bai leƙa ba. Idan fim ɗin ya motsa maka son mutane, ɗan'uwa, mutanen suna waje.

Abin da fim ɗin ba ya nunawa

Na farko, lokaci. A fim, daga karon farko zuwa sumbar ƙarshe mako ɗaya ne ko biyu. A mako ɗaya aka san hali, aka bar aiki, aka canza gari. Mu kuwa mun san hali zanen dutse ne, kuma ba a karanta shi a kwana bakwai. Shi ya sa iyaye ke bincike kafin a ba da aure, a tambayi maƙwabta, a tambayi abokan aiki. Wanda ya saba da ma'aunin fim zai ga binciken nan ɓata lokaci ne.

Na biyu, fim ɗin yana ƙarewa daidai inda zaman aure ke farawa. Ba mu taɓa ganin watan Fabrairu ba, lokacin da aka kwance fitilu, baƙi suka daina zuwa gidan saukar, kuɗin haya ya zo. Ba kuɗin cefane, ba jinya, ba uwar miji, ba yaro mai kuka da dare. Wanda ya cika idonsa da farkon soyayya sau 40 a shekara, ranar da ya shiga tsakiyarta zai ɗauka wani abu ya lalace, alhali rayuwa ce ta fara.

Na uku, saurayin nan na birni. An yi mishi alƙawari, wani lokaci har da zobe, amma a minti biyu ake sallamarsa, shi ma ya yi murmushi ya tafi. An zana shi marar kirki tun farko don kada mu tausaya mishi. A rayuwa, wanda aka saɓa wa alƙawari mutum ne mai uwa da uba, kuma raunin yakan shafi gidaje biyu.

Na huɗu, kuma ƴan'uwana mata, a nan nake so ku saurara da kyau. Fim ɗin yakan nuna macen da ta yi karatu ta samu aiki a matsayin wadda ta ɓata hanya, sai ta ajiye aikin sannan ta samu kwanciyar hankali. A Amurka, inda mata suka fi maza yawa a jami'o'i, wannan saƙo hutu ne ga wadda aiki ya gajiyar. A ƙasarmu lissafin daban ne. Alƙaluman UNICEF sun nuna kimanin kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma kun san ƴan mata nawa kuka fara aji ɗaya da su, nawa suka kai lise, nawa suka kai jami'a. Muna neman likitoci mata da ungozomomi da malamai mata ido rufe. Ke da Allah ya ba damar karatu, kada labarin da aka rubuta don gajiyar wata ya sa ki raina abin da ke hannunki. Wani abin lura ma, ɗaya daga cikin fitattun jaruman waɗannan fina-finai, Danica McKellar, digiri gare ta a fannin lissafi, kuma ta rubuta littattafai don ƙarfafa wa ƴan mata gwiwa a kan lissafi. Ita kanta ba ta bi shawarar fim ɗin ba.

To yaya za mu yi?

Ga ƴan shawarwari, daga ɗalibi zuwa ƴan'uwansa.

Mu yi lissafi. Fim 40 sau awa biyu, awa 80 ke nan, wato sati biyu cur na ma'aikaci. Hutun Disamba gajere ne, kuma da yawanmu jarrabawa na jiran mu bayansa. Fim ɗaya don hutu daban yake da fim uku a jere don gudun littafi. Tun da ka san ƙarshensa, ba abin da zai wuce ka in ka tashi.

Mu duba agogo. A lokacin sanyi agogon Faransa da namu ɗaya ne, don haka fim ɗin da ke farawa wajen ƙarfe 2 na rana yana hawa kan Azahar, na biyun kuma ya hau kan La'asar. Wanda ya tsara shirin bai san da kiran salla ba, kai ne ka sani.

Mu kalla tare, kada kowa ya shige ɗaki da wayarsa. In ƙanwarka na kallo, zauna kusa da ita, ku yi wasan cinta: wa zai fara faɗin minti nawa ya rage a katse sumba, wa zai gano dattijon nasiha tun fitowarsa ta farko. Yaron da ya koyi ganin ɗinkin labari ya samu makamin da zai yi mishi amfani a gaban kowane talla da kowane ɗan siyasa. Kuma kada sunan Kirsimeti ya sa a saki jiki da kowane fim. Na tashoshin intanet ba duka ke bin tsarin kunya irin na tsofaffin ba, sai babba ya duba kafin yara su zauna.

Mu ci riba. Faransancin da ke cikinsu mai sauƙi ne, a hankali ake magana, kuma tun da an san labarin, kunne na samun damar kama kalmomi. Ɗan kwaleji da ke fama da Faransanci zai iya ƙaruwa, in ya riƙe alƙalami.

Na ƙarshe, ga masu sha'awar rubutu da ɗaukar hoto a cikinmu. Darasin Hallmark shi ne, labari mai sauƙi, marar batsa, mai ƙarewa da alheri, yana da kasuwa babba. Mu ma muna da lokacin da ƴan birni ke cika motoci su koma gida, wato jajibirin salla. Ɗalibar da ta taso daga Yamai za ta yi Babbar Salla a ƙauyensu bayan shekara uku, da abin da za ta tarar, da abin da ya canza a gare ta, ai labari ne. Wayoyin da ke aljihunmu suna ɗaukar hoto. In mun rubuta shi, mu sa watan da ke bayan buki a ciki, mu sa iyaye, mu bar yarinyar ta gama karatunta.

Allah ya sa wa lokacinmu albarka, ya ba ƴan'uwanmu maza da mata abokan zama nagari, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, ya saka wa waɗanda suka kafa ta da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.